Ajiyar Auta a But ɗin Mai Labule

Duk wanda ya taɓa roƙon Mai Labule ta rage masa hanya ya san motarta mutum ɗaya take ɗauka. Kujerar baya ta daɗe da daina zama kujera. Tun ranar da ta sayi motar ta kwantar da ita, saboda ƙarafan labule ba sa jin lallashi. Na tagar falo ya fi but ɗin bayan motar tsawo, sai an zuro shi ta ciki har kansa ya zo yana zungurar gwiwar hannunta in za ta sa giya. A ƙarƙashin ƙarafan akwai tsani mai naɗewa, da injin huda bango a akwatinsa, da ƙunshin yadudduka, da wani tsohon gwangwanin biskit cike da zobban labule masu ruwan gwal. Ita but take ce masa. Bakanikenta kuwa cewa yake wannan shago ne aka yi wa tayoyi, wanda duk ya leƙa ta gilashi ya gama ganin haja.

Ba da niyya ta shiga sana'ar ba. Tana sabuwar amarya wata maƙwabciya ta kawo mata labule ta rage masa tsawo a keken ɗinkinta na ƙafa, ta rage, ta ƙara masa tattara a sama don kawai hannunta ya so. Wadda ta gani ta tambaya, wadda ta tambaya ta kawo nata. Yanzu furfura ta fara fito mata, gwiwarta na ƙara in ta hau tsani, amma har yau ba ta yarda wani ya auna mata taga. Ta ce tef ba ya ƙarya, mai riƙe da shi ne ba shi da tabbas.

Mai kafa labule ba a falo take tsayawa ba. Har uwar ɗaka ake kai ta, a bar ta ita kaɗai da agogo a gaban madubi, da sarƙa a kan gado, da magungunan da masu gida ba sa so baƙo ya gani. Ba a taɓa jin komai daga bakinta ba, ba a kuma taɓa neman ko ɗan kunne ɗaya bayan fitarta ba. Mata sukan bar mata makullin gida su yi tafiyarsu. In ana neman mai labule a wurin biki ko a ofis, ba a fara yabon ɗinkinta, sai a ce, ai matar nan ko ɗakin gwal ka rufe ta ka yi barcinka. Wannan maganar ita ce jarinta, ta fi keken da motar.

A gidanta kuwa komai da kwado yake, har kabad ɗin kicin.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta. Yana ƙarami ya kwance rediyon babansa gunduwa-gunduwa ya mayar, rediyo ta ci gaba da magana, maƙwabta suka sa masa Injiniya, sunan ya bi shi. Ya shiga makarantar fasaha da ƙafar dama. Can sai ya fara dawowa da jajayen idanu, maganarsa na jan ƙafa, barcinsa ba ya ƙarewa. Makaranta ta sallame shi. Dutsen guga ne ya fara ɓacewa, sai fanka, sai tukunyar gas, wata rana har kan tsohon kekenta, aka bar mata teburin da rami a tsakiya. Kowanne tana da amsarsa a shirye: an kai gyara, an ara, na kyautar. Babansa yana aikin kula da sito a wani kamfanin gina hanya can nesa, sai jefi-jefi yake zuwa. Zuwansa na ƙarshe ya rantse, in ko allura ta sake ɓata a gidan da hannunsa zai kai yaron wurin 'yan sanda, kuma ba zai waiwaya ba. Tun daga nan ta koyi sayen irin abin da ya ɓace sak. Ta taɓa zama a bayan ɗaki tana goga sabon dutsen guga a siminti don ya yi kama da tsoho.

In ta tambayi kanta, cewa take don yaron take yi. Akwai wata amsar a ƙasan wannan da ba ta son ɗagawa: wa zai ba uwar ɓarawo makullin gidansa?

Ana haka aka kwantar da ƙanwarta, Auta, za a yi mata aiki a wuya, a cire wani ƙari da ya fara hana ta haɗiya. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Da safen da za a shiga da ita, nas ta zo ta ce a cire duk wani ƙarfe da ke jiki. Auta ta zare 'yan kunnenta, ta laluba ƙarƙashin filo ta jawo wata 'yar jaka ta karammiski, ta jefa su ciki, ta kama hannun yayarta ta danƙa mata. Jakar ta yi nauyin da ya fi na 'yan kunne. Duk gwal ɗinta ne ta kwaso daga gida, sarƙoƙi da zobba, da awarwaron mahaifiyarsu mai ɗan lotsawa a gefe.

"Yaya, riƙe min. In na tashi ki ba ni. In ban tashi ba, na 'yata ne, ki ajiye mata har ta yi hankali."

"Rufe min baki, tashi za ki yi. Me ya hana ki ba mijinki?"

"Mutumin da yake neman tabarau suna goshinsa? Haba Yaya. Hannunki kaɗai na yarda da shi."

Ta buɗe baki za ta ce ba za ta iya ba. Sai ta hango tambayar da za ta biyo baya, da amsar da ke bayan tambayar, ga kuma masu tura gadon marasa lafiya sun iso ƙofa. Ta rufe bakin, ta sa jakar a cikin jakarta.

Aka yi aiki lafiya, Auta ta farfaɗo da bandeji a wuya, murya ba ta fita sai raɗa. Likita ya ce za su riƙe ta su ga yadda ciwon zai kame. Kowa hankalinsa ya kwanta ban da Mai Labule.

Gida dai ba wurin zuwa da shi ba ne. Injiniya ya san kowane lungu, kwado kuma a wurinsa abin wasa ne. Ta gwada yawo da shi a jakar hannu. Ranar tana kan tsani a wani sabon gida, jakar na ƙasa, masu fenti da mai gyaran wuta suna shiga suna fita, ta huda bango a karkace har sau biyu, abin da ba ta yi ba tun tana koyo. Da ta fito ta tsaya a bayan motarta tana tunani, idonta ya faɗa kan gwangwanin biskit. Ta tona zobban labule, ta binne jakar karammiskin a ƙasa, ta mayar da zobban a kai. Har ta ɗan ji daɗin dabararta. Ko ɓarawo ya buɗe, me zai gani? Tarkacen ƙarfe masu ƙyalli da ba wanda zai saya. Mota kuma kullum tana tare da ita, makulli ɗaya ne, yana ɗaure a bakin zanenta.

Amma zuciya ba ta yarda da dabarar ba. Duk inda ta yi fakin sai ta zagaya ta buɗe but, ta ɗaga murfin gwangwanin, ta nutsa yatsu cikin sanyin zobba har sai ta taɓo laushin karammiski. Ta rufe, ta danna rimot, ta ja hannun ƙofa, ta yi gaba, ta waiwayo. Wani lokacin ta kai bakin ƙofar gidan mutane sai ta ce ta manta tef, ta dawo. Tana cikin sallah motar take gani. Tana tsaye a gefen gadon Auta tana ba ta ruwa a cokali, idonta na kan taga, ko da yake tagar ba ta kallon wurin fakin.

Maigadin wurin fakin na asibitin wani dattijo ne mai sanda da kujerar roba, wanda ya maida kallon mutane aikinsa. Wata rana da yamma ta rufe but ke nan ya ɗaga mata sanda.

"Hajiya, me kika ajiye a bayan motar nan?"

Ta juyo. "Kayan aiki ne, Baba."

"To kayan aikin nan 'yan gata ne. Ko jariran ɗakin haihuwa ba a leƙa su haka."

Ya ce kada ta ji haushi, shi bakinsa ne ba ya ajiya. Ya ce mutane suna ɗauka ɓarayi mota-mota suke bi suna leƙe, alhali masu motar suke kallo. Za su zauna a kan babur a gindin bishiya kamar masu jiran mara lafiya. Wanda ya yi fakin, ya fito, ya dubi hagu ya dubi dama, ya ɗauke jaka daga kujera ya kai but, to ya gama yi musu bayani. Ɗan ƙaramin gilashin nan na gefe suke fasawa, ƙararsa ba ta kai ta tari ba, su zura hannu su kwantar da kujerar baya, su jawo abin da suke so ta ciki, but yana nan a kulle abinsa. Ya ce ita ma ta sauƙaƙa musu, tunda tata kujerar a kwance take tana jiransu. Ya ba ta labarin wani likita da aka ɗauke wa kwamfuta kafin ya gama gaisawa da mutane, da wata mata da ta zo da kayan haihuwar 'yarta ta koma da kuka. Shawararsa ɗaya ce: abin da za a sa a but a sa shi tun kafin a taso, abin da ba za a iya jure rashinsa ba kuwa kada a sa shi sam.

"In abu mai daraja ne, ki kai shi gida mana, Hajiya. Ina ya kai gida?"

Ta yi masa dariya, ta ce ta gode. Ta shiga mota ta riƙe sitiyari, ta daɗe ba ta tayar ba.

Daga ranar ta rage buɗewa a waje. Sai ya zama a gida take ramawa. Tana shigo da mota ta rufe get, ta zagaya baya. Da asuba kafin ta ɗora ruwa, ta zagaya baya. Gwangwanin da a da take aiken kowa ya ɗauko mata, har almajiran ɗinki na shagunan da take kai aiki, yanzu ta tura shi can ƙuryar but ta rufe da yadi. Ba ta kawo a ranta cewa tagar ɗakin Injiniya tana kallon wurin da take ajiye mota ba, ita da ta ɗinka labulen tagar da hannunta.

Wata safiya ta fito ta tarar da shi da bokiti da soso. Ya yi wanka, ya yi aski, ya sa riga mai tsabta. Ya wanke tayoyi har suna ƙyalli. Ya gaishe ta da murya irin ta da, wadda ta yi shekaru ba ta ji ba, ya ce ya ga tana ta zirga-zirgar asibiti, motar ta yi kaca-kaca. Ya tambayi jikin Anti Auta. Sannan ya miƙo hannu, ruwa na ɗiga daga yatsunsa.

"Mama, kawo makulli in kakkaɓe miki ciki. Kafet ɗin nan duk zare ne."

Ta san abin da ya kamata ta ce. Bari kawai, sauri nake. Amma ga shi tsaye a gabanta, fuskarsa fes, kamar yaron da ya mayar da rediyo. In ta hana shi, ta kira shi ɓarawo ke nan a ranar da ya tashi da niyyar kirki. In kuma ta ba shi ta dawo ta samu komai yana nan, to ta samu abin da ta fi so fiye da gwal ɗin duniya. Wannan ne ya kwance bakin zanen. Da kayan ƙanwarta ta yi cacar, kuma ta sani tana yi.

Ta koma ɗaki ta tsaya a bayan labule tana kallonsa. Ya fito da kafet yana bugawa a bango, yana 'yar waƙa. Sai wayarta ta yi ƙara, wata mai gida ce tana faɗa a kan launin da aka kawo mata ba shi ta zaɓa ba. Ta juya ta nemi guntun yadin da matar ta zaɓa don ta kare kanta. Kafin ta dawo taga ya gama. Ya kawo mata makullin har ƙofar ɗaki, ya ce Allah ya tsare hanya, ya ce zai leƙa wani abokinsa da ya yi masa maganar aiki.

Ranar ba ta zagaya baya ba. Ta shiga mota, tana ƙamshin sabulu, ta fita. Ta je kasuwa ta sayi zare, ba ta buɗe but ba. Ta kai wa mai faɗan guntun yadinta, ba ta buɗe ba. Ta gaya wa kanta maganar maigadi take bi.

Sai da azahar ta wuce aiki ya tilasta mata. Labulen ɗakin yara za ta rataya a wani gida, ba kuma ya ratayuwa sai da zobba. Ta shigo da gwangwanin ɗakin, ta ajiye a kan tebur, ta ɗaga murfi. Ta nutsa yatsu. Suka wuce zobba suka taɓa ƙarfen gindin gwangwani. Ta zazzage shi a kan kafet ɗin mutane, zobba suka watse suna gangarawa ƙarƙashin gado. Matar gidan ta leƙo ta tambayi ko lafiya. Ta ce hannunta ne ya kuɓuce. Ta durƙusa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta hau tsani, ta rataye labulen, tattarar ta zauna daidai kamar kullum. Ta kira lambar Injiniya daga kan tsanin. A kashe.

Tana saukowa Auta ta kira, muryarta ta fara dawowa, tana shaƙe amma da murna. An ce yau da yamma za a sallame ta. Ta ce Yaya ta taho mata da kayanta, kunnuwanta har sun fara toshewa, kuma tana so ta rufe tabon nan da sarƙa kafin 'yan dubiya su fara yi mata kallon akuyar da ta tsere daga hannun mahauci. Mai Labule ta yi dariyar da ake so ta yi. Ta ce tana nan tafe.

Ta zagaye motar a ƙofar gidan mutanen. Gilashi lafiya lau, ƙofofi lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Da an fasa, da tana da abin nunawa.

Ba ta yanke shawara ba, ko kuma ba ta yarda ta kira abin shawara ba. Ta dai ga kanta ta bar hanyar asibiti ta nufi bayan babbar kasuwa, wani layi tsakanin katangar sito da bayan shaguna, inda ko 'yan kasuwar ba sa barin mota. Ƙasan wurin kullum da ɓurɓushin gilashi. Ta yi fakin a inda ba kowa. Ta kwashe waya da katinta daga jakar hannu, ta cusa guntayen yadi har jakar ta kumbura, ta ajiye ta a kujerar gaba. Ta fito ta dubi hagu ta dubi dama. Ta buɗe but, ta sunkuya ta daɗe, ta rufe, ta ja hannun ƙofa, ta yi gaba, ta waiwayo. Duk abin da dattijon ya ce kada a yi, ta yi shi a tsanake.

Akwai shagon wani dillalin yadi da take saye a wurinsa a saman bene, tagarsa na kallon layin. Ta hau ta ce a sauko mata da sababbin kaya. Aka yi ta warware mata yadi a kan tebur tana shafawa, idonta na ƙasa. Ta riga ta shirya maganar. Auta, na tsaya sayen yadi, kafin in sauko an fasa motar. Za ta nuna mata gilashin. Za su yi kuka tare, mijin Auta ya ce ƙaddara ce, mutane su ce ɓarayin garin nan sai addu'a. Har ma a tausaya mata.

Mai tura kurar kaya ya wuce. Wasu mata biyu suka wuce. Wani ya zo ya yi fitsari a jikin katanga ya tafi. Dillalin ya ce yau Anti ba ta da zaɓi, ko ya kawo mata ruwa? Ta ce ya kawo. Leɓenta na motsi, sai ta kama kanta: addu'a take yi. Roƙon Allah take ya aiko da ɓarawo.

Can sai ga wani saurayi, siriri, da riga mai hula. Ya wuce motar, ya rage tafiya, ya dawo. Ya jingina da katanga ya fito da waya yana dannawa, amma ba wayar yake kallo ba. Zai yi sa'an ɗanta. Har yadda yake ɗage kafaɗa ɗaya irin nasa ne. Ya matso, ya tsaya daidai ƙaramin gilashin, hannunsa ɗaya a aljihu.

A bakin layin, masu dako suna zaune a kan buhuna, ga masu babur a gefensu. Ta san kasuwar nan. Ta taɓa ganin abin da aka yi wa wanda aka kama da wayar wani, ta ga takalminsa ɗaya da ya rage a kan titi. In yaron nan ya fasa, wani ya ɗaga murya, ba jakar tsumma za a ce ya ɗauka ba. Ita da bakinta za ta ce akwai gwal, dole ta ce, don shi ta zo. Za a tambaye shi inda ya kai, da duk abin da hannu ya samu, shi kuma ba shi da amsa. Wata mata a wani gida, wadda wataƙila ita ma ta iya goga dutsen guga a siminti, za a je a kira ta.

Ta ɗaga makullin ta jikin taga ta danna. Motar ta yi ƙara, fitilunta suka ƙifta. Saurayin ya zabura, ya dubi sama da ƙasa, ya zare hannu daga aljihu ba komai a ciki, ya bi layin ya tafi ba tare da gudu ba. Ko ɓarawo ne, ko mai jiran wani ne, ba za ta taɓa sani ba. Ta bar dillalin da ruwansa a hannu da yadi a warware.

Ta samu Auta zaune a bakin gado, ta sa kayan gida, an haɗa jakunkuna, mijinta ya tafi karɓo magani. Auta ta dubi hannun yayarta, ta dubi fuskarta, murmushin ya tafi.

Mai Labule ta ja labulen da ke kewaye gadon, ta zauna. Ta faɗa mata a tsaye, ba ado. But, gwangwani, makulli, wankin mota. Ta faɗa mata na dutsen guga da kan keke. Muryarta ba ta yi rawa ba sai da ta zo kan sunan Injiniya.

Auta ta kai hannu ta taɓa bandejin wuyanta.

"Wayata da ta ɓata a gidanki bara, na ce miki a tasi na yar. Ba a tasi na yar ba."

"Kin sani?"

"Kowa ya sani, Yaya. Ke kaɗai ce ba ki san mun sani ba."

"To don me kika ba ni? Don me, Auta?"

"Wa zan ba? Komai nawa ke nake ba tun ina yarinya. Da na tsallake ki na ba wani, da kin gane dalili. Na kwana ina juya abin. Na ce gara in ba ki, ke mai dabara ce, za ki san inda za ki kai." Ta yi wata 'yar dariya da ta ja mata ciwon, ta runtse ido. "Ina kan gadon tiyata ina jin kunyarki. Kin ji wauta."

Mai Labule ta ce za ta biya, ko motar ce za ta sayar, da keken, da komai. Auta ta girgiza kai a hankali saboda ɗinkin. Ta ce sarƙa ana sake saye. Awarwaron mahaifiyarsu fa, a wane shago? Ta ce masu sayen irin wannan kayan ba sa barinsa ya kwana da kamanninsa, narkawa suke. Ta ce ba ta yafe ba tukuna, kada Yaya ta ɗauka ta yafe, amma wannan maganar wata rana ce. Yanzu yaron zai faɗi inda ya kai, kuma babansa zai ji, yau.

"Zai kai shi wurin 'yan sanda. Ya rantse."

"Wataƙila. Ke kin kai shi ina, duk shekarun nan?"

A bayan labulen wata nas tana tura keken magani, tana tsokanar wata tsohuwa da ta ƙi allura. Auta ta laluba jakarta ta fito da wayarta, ta ce Injiniya ba zai ɗauki kiran uwarsa ba ko ya kunna wayar, amma bai san wannan sabuwar lambar ba. Ta sa yayarta ta karanto mata lambar, ta danna, ta sa a sifika, ta ɗora wayar a kan gado tsakaninsu.

Wayar ta shiga. Tana ƙara, tana ƙara. Mai Labule ta ji tana fatan kada ya ɗauka, ta kuma ji kunyar fatan. Sai aka ɗauka. Hayaniyar titi, da wata murya mai jan ƙafa tana tambayar wane ne.

Auta ta tura wayar gaban yayarta da yatsa ɗaya.

"Ni ce," in ji Mai Labule. "Kada ka kashe. Antinka tana jin ka. Gaya mana shagon da ka kai."